Na Cire Kambun, Na Sa Maka Kwaɗo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga New Bell, Duwala, ranar Laraba bayan azahar, ana ruwa kamar yadda aka saba.

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin jirgin ƙasa a zaune, ba a tsaye ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kurmi da sharrin ƙarfe, Ya sa kamfanin katakon nan da ya ɗauke ka ya zame maka alheri. Amin.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naka, wanda in ya yi tari kana ji. To, kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Shekara ashirin da ɗoriya ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa zaunar da kai na dubi tsabar idonka ba. In ina so ka rufe ƙofa, bango nake tambaya, "Ashe ba a rufe ƙofa a gidan nan?" Haka muka tarar, haka muka yi. Amma takarda ba ta san kunya ba, shi ya sa na aiko ta. Ka yi haƙuri da rubutun. Wanda ya riƙe alƙalami da yatsu uku, dole rubutunsa ya yi kama da sawun agwagwa a taɓo.

Jiya innarka ta ba ni ƙullin dambun nama ta ce in tura maka cikin jaka. Ina turawa sai hannuna ya taɓo wani abu mai tauri a cikin safa. Na zaro, sai ga kambuna, wanda na yi shekaru ina ɗaurawa a damtse. Ba zan ce ka sata ba. Ɗa ba ya satar kayan ubansa, sai dai a ce gado ne ya yi gaggawa.

Na kuma san abin da ya sa ka ɗauka. Ni na gaya muku, kuna yara, cewa ranar da inji ya kama ni, niyyarsa ya haɗiye ni duka har hula, amma da ya iso kan kambu sai haƙoransa suka kakkarye, ya tofo ni, ya tsira da yatsu biyu kawai. Kowace Sallah labarin yana ƙara ƙiba. Bara ma na ji kaina ina cewa injin ya yi kuka da muryar mutum. Kuna ta tafi, ni kuma ina ta ɗaga hannu ana kallo.

Abba, ƙarya ce. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ga shi ta yi ɗa, har ya shiga safa zai bi ka gabas wurin zarto mai cin itacen da mutum biyar ba sa iya rungumewa. Saboda haka zauna da kyau, ka buɗe dambun, in ba ka labarin yadda ya faru.

Kakana ya taso daga ƙasar Katsina da shanu a ƙafa, ya yi ta tafiya har ya ga teku, ya ce to nan duniya ta ƙare, ya zauna. Mahaifina mahauci ne a kasuwar New Bell, kuma ya sha tauri, an ce wuƙa ba ta kama shi. Ni kuwa na ƙi fawa. Ina ganin ma'aikatan kamfani suna tsallaka gadar Wuri da safe da agogo a hannu, na ce ni ma aikin Turawa zan yi. Na samu shiga wani kamfani a Bonaberi inda ake ƙera tukwane da kwanuka. Ranar da zan fara, mahaifina ya ɗaura mini kambun nan ya ce, "Ƙarfe dai ƙarfe ne, na Bature ko na maƙeri." Na tafi ina jin kaina kamar dutse.

Injin da aka ba ni, Tsohuwa muke kiranta, don ba ta daina ci ba ta daina mita. Ka miƙa mata faifan kwano, ta danne shi, ta tofo tukunya. A gefenta akwai bel mai gudu da wasu haƙoran ƙarfe masu cin juna, duk a buɗe. Mu biyu ke kula da ita, ni da Ekwalla, mutumin Duwala, ɗan masunta, wanda ka sani, mai zuwa cin soya, wato tsire, ran Asabar. Shi da sauran mutanen kudu Magida suke ce mini, yadda suke ce wa kowane mai hula. Tun ranar farko ya ga kambun ya ce da guntuwar Hausarsa, "Magida, wannan mashin ba ya ji Hausa, ba ya ji Faransi, ba ya ji Duwala." Na yi masa dariya. Na ce a raina, me ɗan masunta ya sani game da ƙarfe?

Wautata ta farko ta riga ce. Kamfani ya ba mu kayan aiki, kombinezo suke ce masa, riga da wando a haɗe, shuɗi, kamar wanda ake ɗinka wa jariri. Lokacin kuwa ina neman innarka, kuma rumfar mahaifinta, kakanka Alhaji Mamman mai ƙera kurfoti, murhun gawayi, tana Grand Hangar, daidai inda muke sauka daga mota. In wuce ta gaban surukin gobe cikin kayan jarirai? Ranar wata Juma'a na zuba babbar riga fara, na ce daga aiki sai masallaci. Shugaban sashenmu, Misye Sali, Bahaushe ne irinmu haifaffen nan, amma ya sha Faransanci har Hausarsa ta koma kamar shayi ba sukari. Ya tare ni ya ce, "Garba, c'est interdit. An hana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau Juma'a."

Ya kauce ya ba ni hanya. Wa zai yi gardama da Juma'a?

Wajen hantsi wata tukunya ta faɗi ƙasa, na sunkuya in ɗauka, hannun riga ya shafi bel. Ka taɓa ganin kada ya kama akuya a bakin ruwa? To, haka. Na ji an fizge ni, na juya sau ɗaya kamar mazari, sai kyaaat, riga ta rabe daga wuya har ƙasa ta bi bel. Ba ta tafi ita kaɗai ba, ta ja 'yar ciki, 'yar ciki ta ja zariya, zariya ta ja wando. Kafin Ekwalla ya daki jan maɓalli, ubanka yana tsaye a tsakiyar kamfani daga shi sai hula sai kambu. Matan da ke jera tukwane a kwali suna fuskantar wurin, su goma sha. Wata ta ce, "Ashiya, Magida," wato sannu. Sauran ba su iya cewa komai ba, sun riƙe ciki.

Buhu aka huda mini gida uku na zura. Masallacin da ban je ba ke nan. Kuma hanya ɗaya ce zuwa tasha, ta gaban rumfar Alhaji Mamman. Na laɓe bayan Ekwalla, amma Ekwalla gajere ne. Alhaji ya gan ni sarai. Da yake mutumin kirki ne, sai ya ɗaga kai sama kamar bai gan ni ba, ya ce, "Kai, yau akwai hadari." Bai taɓa tayar da maganar ba har ya ba ni 'yarsa.

Da na isa gida, mahauta suka taru suka ce kambu ya yi aiki, ko ƙwarzane babu. Ni ma na yarda. Sai da na tsufa na zauna na yi tunani. Tela Ilu ne ya ɗinka rigar nan, mutumin da zarensa ke tsinkewa in ka yi atishawa da ƙarfi. Wata biyu ina zaginsa a kan ɗinkin. Da gwanin tela ne ya ɗinka ta, da rigar ta riƙe, da ni na bi bel, da ba a haife ka ba. Mugun ɗinki ne ya cece ni, kambu ya karɓi godiya.

Saboda haka, Abba, kayan da suka ba ka, ka sa, ko da sun mai da kai kamar jariri. Ka ɗame hannun riga. Zobe, agogo, carbi, duk su zauna a aljihu mai rufi. Kada ka dogara da samun tela irin Ilu, ya rasu, kuma telolin yanzu zaren roba suke sawa. Yarinyar da za ta ƙi ka don ta gan ka cikin kombinezo, ba ta ga ubanka cikin buhu ba ne.

Bayan abin nan kamfani ya sa aka ƙera wata raga ta ƙarfe, mai kauri, aka ɗaure ta da kusoshi ta rufe bel da haƙoran Tsohuwa. Ma'aikata suka sa mata suna ragar Magida. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Shekaru suka wuce lafiya. Aka haife ka, aka haifi ƙannenka. Sai wannan matsi ya sauko, wanda masu rediyo ke kira la crise, wanda har yau muna cikinsa. Kai kana yaro lokacin, ba ka ga farkonsa ba. Aka rage albashi, aka sallami rabin ma'aikata, waɗanda suka rage aka ce su yi aikin mutum biyu su kuma gode. Inji ya lalace sai a ɗaure shi da waya. Malamin makaranta ya koma tuƙa bensikin, yana goya ɗalibansa a babur. Kowa ya nemi sana'a ta biyu. Ni ma na tuna ashe ɗan mahauci ne ni. Na ce in na taso aiki da la'asar, sai in kafa tukubar soya a bakin layinmu. Nama, 'yan'uwa za su ba ni. Ƙuli da yaji, innarka gwana ce. Rabin ganga na samu a Kassalafam. Abu ɗaya ya rage, abin da za a shimfiɗa naman a kai.

Ina tsaye gaban Tsohuwa ina wannan tunani, sai idona ya sauka kan raga. Na auna ta da taƙi. Tsawonta tsawon rabin gangar nan, faɗinta faɗinsa, kamar tare aka haife su. Shaiɗan kuwa ba ya zuwa da ƙaho, da hujja yake zuwa. Ya ce mini, saboda wa aka sa ta? Saboda kai. Sunan wa take amsawa? Naka. Kana sa babbar riga yanzu? A'a. Kambu yana nan? Yana nan. To, ashe kayanka ne aka ajiye maka a kamfani.

Kusoshi huɗu ne. Na kwance su ranar wata Asabar, na ɗora raga a ka na nufi ƙofa da rana tsaka. Mai gadi, Malam Bukar, Babarbare, ya ce, "Ina zuwa da kayan kamfani?"

Na ce, "Wanki zan kai ta."

Ya dube ni, ya dubi raga, ya ce, "In ta bushe, a ɗan sa mini mai kitse-kitse." Ashe duk kamfani an san ina neman raga.

Abba, ragar da ka tashi kana gani a ƙofar gida, wadda ka sha kankarewa da safe kana ƙunƙuni, ita ce. A makon farko naman yana ɗan ɗanɗanon man inji, duk da na ƙona ta na wanke da toka. Mutane suka ce wani sirri ne na Katsinawa, har daga Ndogpassi ake zuwa nema. Misye Sali da kansa ya zo, ya ci tsinke uku, ya tsura wa ragar ido, ya ce, "Tiens, kamar na san ta." Na ƙara masa tsinke biyu. Ya ce, "A'a, kama ce."

Ga shawarata a nan. Duk murfin da ka gani a jikin inji, wani ne ya biya shi da fatarsa kafin a sa. Ba ado ba ne. Kada ka cire shi don aiki ya yi sauri, kada ka cire shi don yana hana ka gani, kada ka cire shi don ya yi daidai da wani abu a gidanka. In kuma ka tarar da inji tsirara, ka ga ramukan kusoshi babu kusoshi, to kada ka taɓa shi, ka fara tambaya a gidan wa ake gashi.

Wata takwas Tsohuwa tana aiki haƙora a waje, ba abin da ya faru, kullum ina ƙara shafa kambu. Wannan shi ne mugun halin inji. Da yana cizo kullum, da ba wanda zai kusance shi. Sai ya bari ka saba.

Ranar da abin zai faru, Talata ce da safe. Wani guntun kwano ya faɗa tsakanin haƙora ya maƙale, daidai nan kuma aka ɗauke wuta, kamar yadda ake yi mana sau uku a yini. Kamfani ya yi tsit. Na ce madalla, ga dama. Akwatin kashe injin yana bango, taku biyar daga inda nake. Taku biyar, Abba. Na dube shi na ce, wutar gari duka ta tafi, me zan kashe? Na zura hannun dama cikin haƙora ina lalubar guntun kwanon.

Sai na ji, "Salamu alaikum."

Kakanka ne, Alhaji Mamman. Yakan zo lokaci-lokaci ya kwashi ragowar kwano don kurfotinsa. Ka san suruki ba a amsa masa a tsaye. Na durƙusa nan take. Hannun kuwa na bar shi inda yake, na ma dafa haƙoran don kada in faɗi, don a ganina rashin ladabi ne suruki yana gaishe ka kana ta kiciniyar zare hannu kamar ba ka ji ba. Na sunkuyar da kai.

"Malam, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya ruwan nan?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Yaya mutanen gidan? Yaya Abba? Yaya ƙannensa?"

Kakanka, Allah Ya ji ƙansa, in ya fara gaisuwa sai ya bi gida ɗaki-ɗaki, har agwagi yana tambaya. Ekwalla yana daga can gefe yana ta yi mini alama da hannu in fito da nawa, ni kuwa ina harararsa, wai ɗan masunta bai san girman suruki ba. Muna cikin haka Alhaji ya ce, "To, ina labari?"

Na ce, "Labari sai..."

Aka kawo wuta.

Ba zan faɗa maka yadda ake ji ba, don ba na so ka sani, ko a takarda. Abin da zan faɗa maka shi ne ban yi ihu ba. A gaban suruki? Na cije, na ƙarasa, "...alheri." Ekwalla ya daka tsalle ya kashe inji. Alhaji ya leƙo ya ga abin da ya rage a hannuna, ya ce, "Innalillahi," ya sulale ƙasa a some. A mota ɗaya aka kai mu asibiti, kuma shi aka fara dubawa, don ya fi ni alamar mai mutuwa. Da ya farfaɗo a gadon da ke kusa da nawa, ya juyo ya ce, "Malam, yaya ƙarfin jiki?" Na ce, "Da sauƙi, Baba." Na yi ƙoƙarin durƙusawa, nas ta danne ni.

Ita nas ɗin wata 'yar siririya ce, iska mai ƙarfi za ta iya ɗauke ta. Ta ga hannu yana kumbura har damtse, kambu ya nutse cikin nama. Ta ɗauko almakashi ɗan ƙarami. Na ce mata, da sauran ƙarfina, "Madam, kada ki wahalar da kanki, ƙarfe ba ya cin wannan." Ta ce, "Pardon?" Ƙyas. Sara ɗaya. Ta jefa shi cikin kwanon shara tare da auduga. Innarka ce ta tsamo shi ta wanke ta ɗinke. In ka duba da kyau za ka ga baƙin zare a gefe, ba ɗinkin malamai ba ne, nata ne.

Yatsun kuwa, manuniya da ta tsakiya, Ekwalla ne ya tsince su ya kawo gida cikin wata 'yar tukunya sabuwa da murfinta, ta ƙarshe da na ƙera. Liman ya ce a naɗe su a farin ƙyalle a binne. Aka binne. Ni ban samu halarta ba, ina kwance. Ka ga ke nan wani sashe na ubanka ya riga shi zuwa, yana can yana jira. Tukunyar ita ce agwagin innarka ke shan ruwa a ciki, ta rantse ba za ta ɗora ta a wuta ba.

Manyan kamfani suka sauko bincike, suka tara mutane suka ce ina ragar da ke jikin injin nan? Malam Bukar ya dubi ƙasa. Masu jera tukwane suka dubi rufi. Duk wanda ke wurin ya ci naman da aka gasa a kanta, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Can Misye Sali ya gyara murya ya ce, "La crise ce ta cinye ta." Manya suka gyaɗa kai suka rubuta. A shekarun nan ko akuya ta ɓata, ita ake ɗora wa.

Ni dai aikina ya ƙare daga nan. Masu zuwa dubiya, tsofaffin mahauta, suka ce ba don kambu ba da hannun duka ya tafi. Na ji maganar ta fi gaskiya daɗi, na karɓa na riƙe. An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, ni da tatsuniya na naɗe tawa.

To, ka ji. In za ka sa hannu cikin inji, ka kashe shi daga akwatinsa da hannunka, ko da an ce wutar duniya duka ta tafi. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Kuma muddin hannunka yana ciki, ba ka da suruki, ba ka da shugaba, ba ka da uba. Ko ni na zo na yi sallama, ka bar ni a tsaye. Ka fito da hannu, ka matsa baya, sannan ka durƙusa ka gaishe ni har agwagi. Kunya ado ce, amma ni na ga abin da take ci.

Na kan mai da abin wasa, kun sani. Nakan ce tunda na rasa manuniya ban ƙara nuna kowa da yatsa ba, na huta da rigima. Nakan ce na zama Bature, da cokali nake cin tuwo. Amma akwai abin da ban taɓa sa shi cikin wasa ba. Ranar da na warke na koma bakin tukuba, Ekwalla ya zo ya zauna. Ya ci tsinke ɗaya, ya ɗauki tsinken ya ƙwanƙwasa ragar, ya ce, "Magida, na san ta tun ranar farko." Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Wata takwas ni ma hannuna yana wuce kusa da haƙoran nan. 'Ya'yana shida. Kai kana da kambu. Ni ina da me?"

Abba, sai ranar na gane abin da na yi. Ni a lissafina kaina kawai na sa a caca. Ban taɓa tuna cewa ragar da ke amsa sunana tana tsare hannun wani ba. Allah Ya so ni da abin ya faɗa kaina. Da a kansa ya faɗa, da yatsuna goma cif, amma da ban ƙara iya haɗiye soya ba. Shi ya sa har yau in ya zo ran Asabar, tsokar da ta fi kyau tasa ce, kuma in ka lura, ni nake miƙa masa da hannu biyu. Ka tuna da wannan: gangancinka a wurin aiki ba naka ba ne kai kaɗai.

Ba zan ce kada ka tafi ba. Aiki a wannan zamani ya fi naman kasuwa ran jajibere wuyar samu, kuma na san mutum nawa ke tsaye a ƙofar kamfanin nan suna jiran ka yi tuntuɓe. Za a ce maka yi sauri. Za a ce tsofaffin ma'aikata ba sa kashe zarto in za su cire ɓawo, kai wane ne? Za su sa maka suna, wataƙila matsoraci, wataƙila abin da ya fi haka. Ka bar su. Kafin ka ɗauki shawarar tsohon ma'aikaci, ka fara duba hannunsa. Tsohuwa ma tauna take yi, tana ba mutum lokacin ƙarasa gaisuwa. Zarto ko tauna ba ya yi. In kuma sun ce ko ka sa hannu ko ka bar aiki, ka ɗauko jakarka ka hau jirgi. Akwai wuri a bakin raga, kuma ba wanda zai tambaye ka dalili, bango ma ba zan tambaya ba.

Yanzu ka zura hannu cikin safar nan. Kambu ba ya ciki. Na mayar da shi akwatin mahaifina, inda ya dace da shi. Wuƙa ya sani, bai taɓa ganin lantarki ba, almakashi ma ya ba shi kunya. Abin da za ka taɓo kwaɗo ne da makullinsa ɗaure a igiya. Ka san shi. Shi ne wanda nake ɗaure ragar da shi a jikin sarƙa kullum in mun tashi, don kada a sace. Ka ji ƙarfin hali, ɓarawo yana tsoron ɓarayi. A makarantar koyon sana'a da ragar nan ta kai ka, na san an nuna muku yadda ake kashe inji a rufe akwatinsa da kwaɗo, don kada wani ya zo ya kunna kana ciki. Na kuma san kamfanonin yanzu za su ce maka la crise ta cinye nasu kwaɗon. To, ga naka. Ka kashe, ka datse, ka rataya makullin a wuya ta cikin riga, daidai inda ake rataya laya. Makulli ɗaya ne, ba shi da ɗan'uwa, na jefa ɗayan a kwata tun bara ba da niyya ba.

Innarka ta ce to yanzu ragar fa, da me za a ɗaure ta? Na ce a bar ta haka. In an sace, ta bi hanyar da ta zo.

Abu ɗaya nake nema a wurinka, ba tsaraba ba. In Allah Ya kai mu Babbar Sallah ka dawo, zan karya al'ada sau ɗaya. A ƙofar gida, a gaban Ekwalla da mahauta da duk mai wucewa, zan kama hannuwan ɗan farina biyu in ƙirga da bakina, da ƙarfi, tun daga ɗaya. Za a ce Garba ya tsufa ya zubar da kunya. A ce. Ni dai in kai goma.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka cinye dambun tun kafin jirgi ya bar gari. Ƙannenka suna gaishe ka. Ekwalla ya ce in faɗa maka mashin ɗin gabas ma ba ya jin Hausa.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Allah Ya haɗa ka da abokin aiki mai saurin kai hannu ga jan maɓalli. Allah Ya sa ka ci guminka da hannunka cikakke, Ya dawo mana da kai yadda ka tafi, ba ragi. Allah Ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Mai Soya, mai yatsu takwas,
New Bell.